Fadamar Baffa: Ko Ya Halatta a Yi wa Rai Lissafi?

A daren da Baffana ya aika a kira ni ɗakinsa, wata uku ke nan da na kammala digirina a fannin tattalin arziki, mako shida kuma da fara yi masa wankin ƙoda. Na same shi a kishingiɗe, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi, an ɗora su a kan matashi. Ya sallami iyalinsa, ya ce in ja ƙofa. Sannan ya laluba ƙarƙashin katifa ya ciro tsohon littafin da yake rubuta bashin taki a ciki, ya miƙo mini tare da biro.

"Kai ne ka karanta lissafin dukiya," in ji shi. "Iyayenka sun ce gobe za su kira dillali a sa fadama a kasuwa. Ina so ka faɗa mini, in an sayar, kwana nawa kuɗin za su kai ni. Kada ka ji nauyina."

Na ce, "Baffa, rai ai a hannun Allah yake."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Ba rai na tambaye ka ba, fadama na tambaye ka."

Sai na zauna na yi. Likita ya ce wanki uku ake so a mako, kowanne kamar awa huɗu, amma mu biyu muke iya biya. Kowane zama yana cin abin da ya kusa kuɗin buhun shanshera guda. Ga kuɗin mota zuwa birni da dawowa, tafiyar awa uku, shi da mai rakiya. Ga allurar ƙarin jini, ga gwaje-gwaje, ga magungunan hawan jini. Na tara, na raba da abin da dillalai suke hasashen fadamar za ta yi. Na sake yi sau biyu don ina fatan na yi kuskure. Amsar ba ta canza ba: wata bakwai.

Baffa ya karɓi littafin ya dubi lambar, ko da yake na faɗa masa da baki. Ya ce, "Bayan wata bakwai fa?" Ban amsa ba, shi ma bai jira amsa ba. Kashegari ya hana a kira dillali. Bayan kwana goma sha tara muka kai shi makwancinsa.

Tun daga ranar nake ɗauke da tambayar da ta sa na rubuta wannan maƙala. Shin ya halatta a ɗora ran mutum a kan sikeli ɗaya da kuɗi? Idan ya halatta, me ya sa har yau nake jin kamar da hannuna a mutuwar Baffa? Idan kuma bai halatta ba, me ya kamata in ce masa a daren nan?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin kowane Bahaushe ita ce wadda na fara bayarwa: rai ba shi da farashi. Magana ce mai kyau, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai na lura cewa ba a cika faɗarta ba sai a wurin da ba a buƙatar yanke shawara. A zauren ta'aziyya kowa yana iya faɗa. Amma kwamishinan lafiya da aka ba shi kasafin shekara, ko mai gida da ke da buhu ashirin a rumbu da marasa lafiya biyu a ɗaki, ba su da wannan hutun. Duk abin da suka saya, akwai abin da suka bari. Shari'ar Musulunci kanta, da ta sa kare rai cikin manyan manufofinta, ba ta guje wa adadi ba: ta yanke diyyar kisa raƙuma ɗari. Babu malamin da ya taɓa fahimtar cewa raƙuma ɗari su ne darajar ɗan Adam. An yanke adadin ne don a samu abin da za a yi hukunci da shi a tsakanin rayayyu, kuma abin lura shi ne ba ya hawa saboda mamacin attajiri ne, ba ya sauka saboda almajiri ne. Zan dawo kan wannan.

Masu binciken tattalin arzikin kiwon lafiya sun gina sana'arsu ne a kan wannan tilas ɗin. A shekarar 1993 Bankin Duniya ya fitar da rahoto a kan zuba jari a harkar lafiya, inda aka yi amfani da wani ma'auni da Christopher Murray da Alan Lopez suka tsara, wanda ake taƙaita sunansa da DALY. Manufarsa a auna ɓarnar kowace cuta da mudu ɗaya, wato shekarun lafiya da ta cinye. Yaron da zazzaɓi ya kashe yana shekara biyu, an yi asarar duk shekarun da ake sa ran zai rayu. Mutumin da ya makance bai mutu ba, amma kowace shekara da ya yi a makance ana ƙirga wani kaso nata a matsayin asara. Da zarar an sami wannan mudu, sai a iya tambaya game da kowane magani da kowane shiri: naira nawa yake ci kafin ya dawo da shekarar lafiya guda?

Lokacin da aka fara koya mana wannan a aji, na ji ƙyamarsa. Daga baya na gane abin da yake yi wa wanda ba shi da murya.

A duba zazzaɓin cizon sauro. Nijeriya kaɗai tana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen da yake haddasawa a duniya, kuma mafi yawan waɗanda yake kashewa ba su kai shekara biyar ba. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shirin ba yara maganin rigakafi a lokacin damina a yankin Sahel, wanda iyaye mata a garuruwanmu suka sani sarai: masu bin gida-gida su zo wata-wata, sau huɗu a damina, su ba duk yaron da ke tsakanin wata uku da shekara biyar ƙwayoyi. Wani babban bincike da masanan makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan suka yi tare da takwarorinsu na Afirka, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020, ya bi sawun shirin a ƙasashe bakwai, ciki har da Nijeriya da Nijar da Chadi. Ya gano cewa kare yaro ɗaya damina guda bai kai dala huɗu ba, kuma a watan da yaro ya sha maganin, haɗarin kamuwarsa yana raguwa da fiye da kashi 80 cikin 100. Ke nan kuɗin da ake kashewa a zama ɗaya na wankin ƙoda zai iya rufe yara da dama tun daga faɗuwar ruwa har kaka. Wata bakwai na Baffa, in an juya su zuwa waɗannan ƙwayoyi, sun isa unguwa guda.

Ba na jin daɗin rubuta jimlar da ta gabata. Amma rashin jin daɗina bai sa ta zama ƙarya ba.

Masanan Jami'ar York ta Ingila sun ƙara fito da wannan fili. A 2015 Karl Claxton da abokan aikinsa suka bincika yadda kuɗin da hukumar lafiyar Ingila ke kashewa yake shafar mace-mace, suka ƙiyasta cewa kusan fam 13,000 ne ke samar da shekarar lafiya guda a tsarin. A lokacin kuwa hukumar da ke tantance sababbin magunguna tana amincewa da waɗanda suke cin fam 20,000 zuwa 30,000. Ma'anar haka ita ce duk sabon magani mai tsada da aka karɓa don taimakon wasu, kuɗinsa daga wani sashe aka ɗebo, kuma lafiyar da aka rasa a can ta fi wadda aka samu a nan. Waɗanda suka samu an san su, suna da ƙungiya, jaridu suna buga hotonsu. Waɗanda suka rasa babu wanda ya san su, su ma ba su san an ɗauke musu komai ba. Kawai dai layin ganin likita ya ƙara tsawo, ko an rage ma'aikaciyar jinya ɗaya a wani ɗaki. Da masanan na York suka juya wannan hanya zuwa ƙasashe matalauta a 2016, sai suka ga tsohuwar ƙa'idar da aka daɗe ana bi, wadda ke cewa magani ya cancanci saye in bai wuce ninki ɗaya zuwa uku na matsakaicin kuɗin shigar mutum a shekara ba, ta yi sama da yawa. Abin da aljihun irin waɗannan ƙasashe yake iya ɗauka ba tare da an cuci wasu ba rabin wannan kuɗin shigar ne ko ƙasa da haka.

A nan ne na fara ganin cewa ƙin yin lissafi ba tausayi ba ne kamar yadda yake bayyana. In an ƙi ƙirgawa, zaɓin bai tafi ko'ina ba, wani abu ne dabam zai yi shi. Tarihin wankin ƙoda kansa ya nuna mene ne wannan abin. A farkon shekarun 1960, bayan da Belding Scribner na Jami'ar Washington ya samo hanyar da za a riƙa yi wa mutum wanki a kai a kai, injinan da ke birnin Seattle ba su kai yawan masu buƙata ba. Sai aka naɗa kwamitin mutum bakwai, cikinsu da lauya da limamin coci da ma'aikacin banki da matar aure, su zaɓi wanda zai rayu. Suka riƙa duba ko mutum yana da aure, 'ya'yansa nawa, me yake samu, wane ilimi gare shi, wace sana'a yake yi. Mutanen kirki ne, da zuciya ɗaya suka yi, amma sai ga shi suna zaɓar waɗanda suka yi kama da su. Da labarin ya fito a 1962 ya tayar da ƙura, kuma a 1972 Amurka ta yi dokar da ta ɗora wa gwamnati nauyin wankin ƙoda.

Mu ba mu da kwamitin mutum bakwai, amma muna da abin da ya maye gurbinsa. Wanda yake da ɗan'uwa a ma'aikata ana samar masa gado. Wanda aka ɗauki bidiyonsa aka sa a Facebook, ya dace wani mai hali ya gani, an biya masa. Ba na raina wannan taimako, ni ma na taɓa tura abin da ya sawwaƙa. Amma yarinyar da zazzaɓi ya kashe cikin kwana biyu a wani ƙauye da babu sabis, ba ta daɗe a kwance ba balle a ɗauki hotonta. Ido yana tausayin abin da ya gani ne kawai. Ma'aunin masanan nan, duk da sanyinsa, shi kaɗai ne a cikin masu yanke hukunci yake ƙirga wannan yarinya daidai da ɗan kwamishina.

Da a nan maganar ta tsaya, da na sami kwanciyar hankali: lissafi gaskiya ne, Baffa ya bi gaskiya, shi ke nan. Abin da ya hana ni wannan kwanciyar hankali shi ne abin da na ci gaba da karantawa bayan rasuwarsa.

A 2017 Gloria Ashuntantang ta Jami'ar Yawunde da wasu likitocin ƙoda suka tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, suka buga sakamakon. Fiye da kashi 80 cikin 100 na manyan da suka fara wankin ƙoda sun daina, kuma babban dalili shi ne kuɗi sun ƙare. Na daɗe ina kallon wannan adadi. Abin da na ɗauka a matsayin shawarar wani dattijo mai ƙarfin zuciya a wani dare na musamman, ashe hanya ce da dubbai suka bi kafin shi, har ta yi gurbi. Bambancin Baffa da yawancinsu shi ne ya tsaya kafin a sayar da gona, su kuwa sai bayan an sayar. Wannan ya sa na fara tambayar kaina ko abin da ya yi zaɓi ne ma. Mutumin da aka ce masa ko ransa ko abincin 'ya'yansa, ya ɗauki ɗaya, za a yaba masa, amma ba za a ce an ba shi 'yanci ba.

Kuma akwai abin da Baffa ya sa a sikelinsa wanda ma'aunin DALY ba ya gani: fadamar kanta. Ma'aunin yana ƙirga lafiyar majinyaci, ba ya ƙirga gidan da jinya ta rushe, ko yarinyar da aka cire daga makaranta, ko matar da ta koma aikatau. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa, wannan babban giɓi ne. Ƙasar Tailan ta fuskanci wannan tambaya kai tsaye. Masananta sun yi lissafi sun ga wankin ƙoda ya wuce abin da ƙa'idarsu ta yarda a kashe. Duk da haka a 2008 gwamnati ta sa shi cikin inshorar lafiya ta kowa da kowa, saboda ta ga yadda cutar ke talauta gidaje, kuma ta ga rashin adalci ne ma'aikacin gwamnati ya samu manomi ya rasa. Ba su jefar da lissafin ba. Da shi suka zaɓi hanya mafi sauƙin kuɗi, wato wankin da ake yi ta fatar ciki a gida, suka ce da ita za a fara. Afirka ta Kudu kuwa ta bi ɗaya hanyar: a 1997 kotun tsarin mulkinta ta yanke wa wani mutumin Durban mai suna Soobramoney hukunci cewa asibitin gwamnati yana da hujjar hana shi wanki saboda ƙarancin injina, kuma ya rasu kwanaki kaɗan bayan hukuncin. Alƙalan ba azzalumai ba ne, kuma 'yan Tailan ba wawaye ba ne. Lissafi ɗaya suka kalla. Abin da ya raba su shi ne yadda kowanne ya amsa tambayar da lissafin bai iya amsawa: me al'umma ba za ta yarda ta ƙyale ɗanta ya fuskanta shi kaɗai ba?

Sai kuma maganar farashi, wadda a ganina ita ce mafi haɗari. Mai lissafi yana karɓar farashi kamar yadda manomi yake karɓar ruwan sama, abin da ya sauko daga sama ba da shawararsa ba. Alhali farashi mutane ne suke yin sa. A shekarar 2000 maganin rage kaifin cutar ƙanjamau yana cin fiye da dala 10,000 ga mutum ɗaya a shekara, kuma masana masu mutunci sun yi rubutu a manyan mujallu suna nuna cewa a Afirka gara a zuba kuɗin a rigakafi, don magani bai biya kuɗinsa ba. Bisa farashin ranar, lissafinsu daidai ne. Amma wasu suka ƙi karɓar farashin. 'Yan gwagwarmaya a Afirka ta Kudu suka yi ta ƙara da zanga-zanga, kamfanin Cipla na Indiya ya fito a 2001 ya ce zai sayar a kan dala 350, kuma yau maganin bai kai dala ɗari a shekara ba, miliyoyin mutane suna raye a kansa. Da kowa ya yi biyayya ga lissafin 2000, da farashin bai faɗi ba, da lissafin ya ci gaba da zama daidai har abada a kan kaburbura.

Haka kuma girman kasafin. Lambar da masanan York suka fitar ba ta cewa ran ɗan Malawi ko ɗan Nijeriya ya fi na Bature araha. Abin da take aunawa shi ne zurfin aljihun da aka ware wa lafiya. Wa ya yanke zurfin aljihun? A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga kiwon lafiya. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba, yawanci tana yawo ne a wajen kashi biyar. Saboda haka in jami'i ya ce wankin ƙoda "bai cancanta ba", cikakkiyar jimlar ita ce: bai cancanta ba a cikin ɗan abin da muka ga dama muka ware. Rabin jimlar na ƙarshe shi ne ake haɗiyewa, kuma da an haɗiye shi sai lambar da ke bayyana rowar gwamnati ta koma kamar tana bayyana darajar majinyaci. A nan ne na ga hikimar da ke cikin diyyar da ba ta kallon dukiyar mamaci. Adadi yana iya zama bawan adalci muddin ba a bar shi ya tashi daga auna abin da za a biya ya koma auna wanda za a biya dominsa ba. Su kansu masu ma'aunin DALY sun taɓa faɗawa wannan rami: a tsarinsu na farko shekarar matashi mai aiki ta fi ta jariri da ta tsoho nauyi, sai da aka yi ta suka kafin su cire wannan a bitar 2010.

Amma duk waɗannan ba su ne suka fi tsaya mini a rai ba. Abin da ya fi tsaya mini na same shi ne a cikin littafin bashin takin nan, wanda matar Baffa ta ba ni bayan sadakar arba'in. A tsakiyarsa akwai wani katin asibiti da ya naɗe, na shekara tara kafin rasuwarsa. Ya je ne saboda ciwon kai, aka auna jininsa aka ga ya hau, aka rubuta masa magani na wata ɗaya. Babu wani kati bayan wannan. Ya sha, kan ya daina ciwo, ya koma gona. Babu wanda ya gaya masa cewa hawan jini ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rai, kuma yana cin ƙoda a hankali ba tare da wata alama ba. Ƙaramin asibitin garinmu kuwa, a mafi yawan waɗannan shekaru, abin awon jininsa a lalace yake.

Maganin hawan jini yana cikin abubuwa mafi araha a duk harkar likitanci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa kula da shi a ƙananan asibitoci cikin jerin abubuwan da kuɗi kaɗan ke sayen lafiya mai yawa. Wato lissafin da ya juya wa Baffa baya a daren nan, shekara tara yana gefensa. Shekara tara yana cewa: ku auna jinin mutumin nan, ku ba shi ƙwaya ɗaya kullum, ku aika ma'aikaciya ta bi shi in bai dawo ba, wannan ya fi kusan duk abin da kuke kashe kuɗi a kansa riba. Babu wanda ya saurare shi. Sai da ƙodar ta mutu, aka zo wurin da amsar lissafi ita ce a'a, sannan aka tuna da shi, kuma ni aka miƙa wa biro.

Wannan ne ya sauya mini tambayar da na fara da ita. Na daina ganin laifin yana ga ɗora rai a sikeli, tunda babu gwamnati ko gidan da zai iya kauce wa hakan. Laifin da nake gani shi ne a ɗauko sikelin a ranar hanawa, a ɓoye shi a ranar bayarwa. Wanda zai ce wa mai ciwon ƙoda ba za a iya ɗaukar nauyinsa ba saboda kuɗin sun fi amfani a rigakafi, ya ɗauki bashi a wuyansa: dole a ga kuɗin a rigakafin. Dole a ga abin awon jini mai aiki a kowane ƙaramin asibiti, a ga ƙwayoyin damina sun kai ƙauyen da babu sabis. In ba a gani ba, to bai yi lissafi ba, ya ari bakin lissafi ne ya ci masa albasa. Alƙalin da ke zartar da hukuncin da ya shafi talaka nan take, ya ajiye wanda ya shafi hukuma a aljihun tebur, ba za a kira shi mai bin doka ba ko da kowane hukuncin nasa daidai ne.

Saura nawa laifin. Goggona, ƙanwar Baffa, ta ji labarin daren nan daga baya, kuma ba ta ɓoye mini ra'ayinta ba. Ta ce, "Da ka ce masa shekara biyu mana. Wa zai kama ka? Karatun naku bai koya muku yadda ake magana da mara lafiya ba?" Na yi shiru, don ba a mayar wa uwa magana, kuma don ban tabbata ba ta da gaskiya ba. Da na yi masa ƙarya, da an sayar da fadamar, da ya ga auren 'yarsa ta biyu da aka yi bayan wata biyar. Wata bakwai ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai rayu a cikinsu, kuma babu ma'aunin da ya san nauyin ranar ɗaurin aure a wurin uba. Amma da na yi haka, da ni na yanke shawarar a madadinsa, na ƙwace masa abu na ƙarshe da ya rage a hannunsa. Mutumin da ya shekara arba'in yana ƙiyasta buhu nawa kadada za ta bayar tun shinkafa tana kore, ya san amsar kafin ya kira ni. Ina zaton shaida yake nema, wanda zai iya cewa 'yan'uwansa ba ruɗin ciwo ne ya sa ya hana ba. Wasu ranakun wannan bayani yana isata. Wasu ranakun kuma ina tuna cewa bai tambaye ni ra'ayina ba, ni ma ban bayar ba, kuma zan iya cewa, "Baffa, a sayar, mu za mu riƙe yaran," ban ce ba. Ba ni da aiki a lokacin. Ina jin wani lissafin ne na yi a zuciyata wanda ban rubuta a littafin ba.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda a wasu asibitocinta daga naira 50,000 zuwa naira 12,000. Ina cikin motar haya na ji a rediyo. Da na isa gida na ɗauko littafin, na buɗe shafin da rubutuna yake, na sauya lamba ɗaya na bar sauran yadda suke, kuɗin mota da allura da gwaji. Wata goma sha uku ya bayar. Na rubuta shi a ƙarƙashin bakwai ɗin, ban san wa nake nuna wa ba.

Fadamar tana nan. Babban ɗan Baffa ne yake nomanta, bara ya sami buhu talatin da ɗaya. Shekararsa talatin da huɗu. Ranar da na je taya shi ɗaukar kaya na tafi da abin awon jini da na saya a birni, na sa shi ya zauna a kan buhu ya miƙo hannu, yana dariya yana cewa shi lafiyarsa ƙalau. Na auna sau biyu. Ya ɗan hau.